Littattafan wasa ƙwaƙwalwa: da gaske suna ƙara basira?

Shin wanda ya lazimci cike sudoku (wasan jera lambobi 1 zuwa 9 cikin gidaje ba tare da an maimaita lamba a layi ɗaya ba) kullum, ko ya sayi littafin wasa ƙwaƙwalwa yana binsa shafi bayan shafi, basirarsa za ta ƙaru? Shin dattijon da ya riƙi wannan ɗabi'a zai tsira daga gigin tsufa? Tambayar ta taso ne saboda talla ta yi yawa. A Facebook da TikTok ana ta yawo da hotunan da ke cewa mai kaifin basira ne kaɗai zai gano amsa, manhajojin waya na alkawarin gyara ƙwaƙwalwa da minti goma a rana, bangon littattafai kuma na ɗauke da irin wannan alkawari da manyan baƙaƙe. Uwa na saya wa ɗanta mai shirin jarrabawa, ma'aikacin da ya fara mance sunayen mutane yana saya wa kansa. A ɗaya gefen akwai masu cewa duk shiririta ce da ɓata lokaci.

Masana sun daɗe suna auna wannan magana, kuma abin da suka gano ya fi abin da mai talla da mai kushe ke faɗa amfani ga mai saye.

Abubuwan da ake cakuɗawa

Ana zuba littattafai iri daban-daban a kwando ɗaya, daga nan ruɗanin ke farawa. Akwai masu koyar da wani wasa, kamar chess ko draf ko Scrabble, wasan haɗa kalmomi da haruffa a kan allo. Akwai masu tara matsalolin da mutum zai warware shi kaɗai da fensir: sudoku, cike gurbin kalmomi, neman kalmar da aka ɓoye cikin tarin haruffa, kacici-kacicin lissafi da na hankali. Waɗannan ba su yi wa kowa alkawarin da ya wuce nishaɗi da ƙwarewa a wasan ba, don haka babu gardama a kansu.

Gardamar tana kan kashi na uku, wato masu kiran kansu shirin horar da ƙwaƙwalwa. Su ne ke cewa atisayen da ke cikinsu zai ƙara maka riƙe karatu, ya ƙara maka hazaƙa a wurin aiki, ya kuma jinkirta mantuwar tsufa. Wannan magana ce ta lafiya da ilimi, ana iya gwada ta, kuma an gwada.

Daga ina abin ya samo asali?

Gwada hankali da tambaya tsohon abu ne. A cikin Sahihul Bukhari akwai hadisin da Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ita ce misalin Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji, Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce amma kunya ta hana shi faɗa saboda ƙuruciyarsa. Daga baya malaman fiƙihu suka mayar da wannan salo fanni guda. Ibn Farhun, alƙalin Madina ɗan mazhabar Malikiyya da ya rasu a shekara ta 799 bayan hijira, ya rubuta littafi sukutum na kacici-kacicin fiƙihu. A Turai, wajen shekara ta 800 miladiyya, an tara wasu matsalolin lissafi da ake jingina wa Alcuin, malami a fadar sarki Charlemagne, da nufin wasa hankalin samari. A ciki ne ake samun labarin mutumin da zai tsallaka kogi da kerkeci da akuya da damin ganye, kwalekwalensa kuma ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya bayan shi.

Ƙasar Hausa ma tana da nata kason. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malami daga Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake jera lambobi cikin gidajen hatimi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Masu tarihin lissafi na ambatonsa har yau.

Kasuwar zamani kuwa jarida ce ta haife ta. Ranar 21 ga Disamba 1913 Arthur Wynne ya buga wasan cike gurbin kalmomi na farko a jaridar New York World. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya fara harkar ɗab'i da littafin irin wannan wasa, kowane kwafi da fensirinsa a maƙale. Sudoku ya fara fitowa a wata mujallar Amurka a 1979, ana danganta ƙirƙirarsa ga Howard Garns, mai zanen gine-gine da ya yi ritaya. Kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984 ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi, sai a Nuwamba 2004 jaridar The Times ta Landan ta fara bugawa, duniya ta ɗauka.

Duk wannan nishaɗi ake sayarwa. Inda zance ya sauya shi ne 2003, lokacin da Ryuta Kawashima, masanin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Tohoku ta Japan, ya fitar da littafin atisaye na ƙananan lissafi da karatu a bayyane. Hujjarsa ita ce hotunan na'ura sun nuna jini na ƙara kwarara zuwa gaban ƙwaƙwalwa idan mutum na irin wannan aiki. A 2005 kamfanin Nintendo ya mayar da tsarin wasan na'urar hannu mai suna Brain Age, aka sayar da kimanin kwafi miliyan 19. Tun daga nan masu ɗab'i suka gane cewa littafin da ya yi alkawarin lafiyar ƙwaƙwalwa ya fi wanda ya yi alkawarin nishaɗi shiga kasuwa. Sai dai ganin wani sashe na ƙwaƙwalwa yana aiki a hoto ba hujja ba ce ta cewa mutum ya ƙaru da wani abu. Kowane aiki mutum ya sa gaba, akwai sashen da zai motsa.

Shin amfanin yana tsallakawa?

Nan ne zuciyar maganar. Babu mai musun cewa wanda ya yi sudoku ɗari biyar zai fi wanda ya yi biyar iyawa. Abin tambaya shi ne ko wannan ƙwarewa za ta tsallaka daga shafin littafi zuwa aji, ko shago, ko tuna maganin da likita ya ce a sha. Masu talla sukan ce ƙwaƙwalwa kamar damtse take, idan ka ƙarfafa ta da ɗaga ƙarfe za ta ɗauki buhu ma. Kwatancen yana da daɗin ji, amma gwaji bai goyi bayansa ba.

A 1980 mujallar Science ta buga rahoton wani gwaji da Anders Ericsson da William Chase suka yi a Jami'ar Carnegie Mellon. Sun samu wani ɗalibi suna karanto masa lambobi a jere yana maimaitawa. Da farko bakwai yake iya riƙewa, kamar yawancin mutane. Bayan atisayen sama da awa 230 cikin wata 20, ya kai 79. Wanda ya ji haka zai ce ƙwaƙwalwar yaron ta ninka sau goma. Amma da aka sauya aka ba shi haruffa maimakon lambobi, sai ya koma riƙe kimanin shida. Ashe shi ɗan tseren gudu ne, sai ya riƙa mayar da lambobin lokutan tsere: idan ya ji 3492, sai ya ajiye shi a matsayin minti 3 da daƙiƙa 49.2, lokacin da ya yi kusa da tarihin gudun mil ɗaya. Dabara ya gina a kan ilimin da yake da shi, kuma dabarar ba ta aiki sai a kan lambobi.

Haka aka gani wurin gwanayen chess. A binciken Chase da Herbert Simon na 1973, idan aka nuna wa gwani allon wasa na 'yan daƙiƙoƙi aka ɗauke, yakan mayar da yawancin 'ya'yan wurarensu, sabon shiga kuwa 'yan kaɗan yake tunawa. Da aka watsa 'ya'yan barkatai, ba yadda za su zauna a wasa na gaskiya ba, sai fifikon gwanin ya kusa ɓacewa. Abin da ya tara cikin shekaru shi ne sanin fuskokin wasa dubbai. Misalin da ya fi kowanne ban mamaki shi ne Nigel Richards, ɗan New Zealand, wanda ya lashe gasar Scrabble ta duniya ta harshen Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci. Haddace jerin kalmomin ya yi, ba tare da ma'anarsu ba.

Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen da aka yi a kan gama-garin mutane shi ne wanda Adrian Owen da abokan aikinsa suka yi tare da BBC, aka buga a mujallar Nature a 2010. Mutum 11,430 suka yi makonni shida, wasu na atisayen ƙwaƙwalwa a kwamfuta, wasu kuma na neman amsoshin tambayoyi kawai a intanet. Masu atisayen sun ƙware sosai a wasannin da suka yi ta maimaitawa. Da aka gwada kowa da wasu ayyukan dabam, ba su fi sauran ba.

Inda masana suka rabu

A Oktoba 2014 masana kimanin 70, ƙarƙashin wata cibiya ta Jami'ar Stanford da Cibiyar Max Planck ta Berlin, suka sa hannu a wata sanarwa cewa babu ƙwaƙƙwarar hujjar da ke nuna wasannin ƙwaƙwalwa na rage ko mayar da raunin tunani na tsufa. Ba a jima ba wasu fiye da 100 suka mayar da martani cewa akwai hujja. A 2016 Daniel Simons da wasu masana suka bi binciken da masu martanin suka kafa hujja da su ɗaya bayan ɗaya. Sakamakonsu: hujja mai yawa cewa mutum na ƙwarewa a abin da ya yi atisaye a kai, hujja kaɗan cewa hakan na taɓa ayyuka masu kama da shi, hujja ƙalilan cewa yana taɓa rayuwar yau da kullum. A watan Janairu na shekarar, hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda tallan da ya ce wasanninsa na inganta karatu da aiki, suna kuma kare mutum daga cutar mantuwa, ba tare da isasshiyar hujja ba.

Masu goyon baya ba hannu rabbana suke ba, kuma adalci ne a faɗi nasu. Babban abin da suke riƙe da shi shi ne gwajin ACTIVE na Amurka, wanda ya ɗauki dattawa kimanin 2,800 masu shekara 65 zuwa sama, aka ba su zama goma na horo a kan tunawa, ko warware matsala, ko saurin lura. Bayan shekara goma, waɗanda aka horar a kan warware matsala da saurin lura suna nan gaba da sauran a waɗannan fannoni. Na tunawa kuwa ya dushe. Wannan sakamako ne mai daraja, amma a lura: kowane rukuni a fanninsa ya ci gaba, kuma horo ne da malami da tsari, ba littafin da aka saya a bakin titi ba. Akwai kuma wani ƙaramin gwaji na jami'o'in Columbia da Duke da aka buga a 2022, a kan mutum 107 da tunaninsu ya fara rauni, inda masu cike gurbin kalmomi suka ɗan fi masu wasannin kwamfuta bayan makonni 78. Mutum 107 ba su isa a yanke hukunci ba, amma abin lura ne cewa tsohon wasan jarida bai gaza manhajar kuɗi ba.

To me ya sa masu irin wannan wasa suka fi kaifi?

Wannan ita ce hujjar da mutane suka fi kawowa, kuma abin da suka gani gaskiya ne. Wani bincike da aka buga a 2003, wanda ya bi dattawa 469 a New York na tsawon shekaru, ya ga masu karatu da wasannin allo da kiɗa da rawa ba su cika kamuwa da cutar mantuwa kamar sauran ba. Matsalar ita ce ba a san wanne ya jawo wanne ba. Mai ilimi da lafiya da sukuni shi ya fi samun damar zama da littafi. Sannan cutar kan fara ɓarna a ɓoye shekaru da yawa kafin a gane ta, kuma cikin alamunta na farko akwai janyewa daga abin da ke buƙatar tunani. Saboda haka dattijon da ya daina zuwa wurin dara, yana yiwuwa cutar ce ta raba shi da dara, ba barin darar ne ya jawo masa cutar ba.

Abin da matashi zai samu

Iyaye da yawa na zaton sudoku na koyar da lissafi saboda sun ga lambobi. Babu tarawa ko ɗebewa a cikinsa. Da za a cire lambobin a sa haruffa tara, wasan bai sauya ba. Chess ma an gwada shi. A 2016 wata gidauniyar ilimi ta Ingila, Education Endowment Foundation, ta fitar da sakamakon gwaji a makarantu 100 da ɗalibai kimanin 4,000, kuma ba ta ga alamar darasin chess ya ɗaga makin lissafi ba. Abin da aka tabbatar yana ɗaga makin gwajin basira shi ne zama a makaranta: wani nazari na 2018 da ya haɗa bayanan mutum fiye da 600,000 ya nuna kowace ƙarin shekarar karatu na ƙara maki 1 zuwa 5. A ƙasar da yara da yawa ke barin aji tun kafin su gama sakandare, wannan ya fi kowane littafin atisaye muhimmanci.

Amma ƙa'idar nan ta cewa mutum na ƙwarewa a abin da ya maimaita tana da fuska mai amfani. Wanda zai zauna jarrabawar ɗaukar aiki ta banki ko ta kaki, inda ake ba da jerin lambobi a ce a cike na gaba, ko siffofi a ce a fitar da bare, lallai zai amfana da littafin irin waɗannan tambayoyi, domin abin da ya yi atisaye a kai shi ne zai tarar. Wasan kalmomi na ƙara wa mai koyon harshe kalmomi idan yana duba ma'anarsu. Kacici-kacicin lissafi kan sa yaron da ke tsoron darasin ya ɗanɗani daɗinsa. Martin Gardner ya shafe daga 1956 zuwa 1981 yana rubuta shafin wasannin lissafi a mujallar Scientific American, kuma manyan masana lissafi da dama sun ce shi ya jawo su fagen.

Ni a ganina babbar ribar ita ce saurayi ya zauna da matsala rabin awa bai duba amsa ba, bai kuma taɓa waya ba. Ba na da'awar hakan zai sa ya ci jarrabawa. Rabin awar da kanta abin so ce. Kuma wasa kan zama hanyar rayuwa ga wasu: Wellington Jighere ya zama ɗan Afirka na farko da ya lashe gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015, Tunde Onakoya kuma, wanda ya kafa Chess in Slums Africa a 2018, yana amfani da allon chess wajen jawo yaran unguwannin talakawa na Legas zuwa makaranta.

Abu ɗaya da ya kamata iyaye su sa wa ido shi ne manhajojin da ke fakewa da sunan wasan basira alhali sai ka zuba kuɗi da fatan cin riba. Wannan caca ce, ko da wane suna aka kira ta.

Abin da dattijo ke buƙata

Nan ne tallar ke iya cutarwa. Idan Baba ya fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar, ko Inna ta ɓata a hanyar da ta sani shekara arba'in, asibiti ya kamata a nufa. Wasu abubuwan da ke kawo ruɗewa, kamar ƙarancin wasu sinadarai a jiki, ciwon damuwa, ko illar wani magani, ana iya magance su idan an gano da wuri. Iyalin da suka tsaya sayen littafi ko manhaja sun yi asarar wannan lokaci.

Kwamitin masana na mujallar The Lancet ya lissafa abubuwa 14 a rahotonsa na 2024 waɗanda ya ƙiyasta suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa a duniya. Cikinsu akwai ƙarancin karatu tun ƙuruciya, hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani da ba a kula da shi ba, shan taba, rashin motsa jiki, buguwa a ka, gurɓatacciyar iska da kaɗaici. Duk wanda ya san gidajenmu ya san hawan jinin da ba a aunawa da yanar idon da ba a cirewa sun fi rashin sudoku illa. A gwajin FINGER na ƙasar Finland, wanda aka buga a 2015, an ɗauki dattawa 1,260, kuma waɗanda aka sa a cikin shirin sun ɗan fi sauran ci gaba a tunani cikin shekara biyu, amma atisayen ƙwaƙwalwa kashi ɗaya ne cikin huɗu na shirin. Sauran su ne abinci, motsa jiki da lura da lafiyar zuciya da jijiyoyin jini.

Idan aka auna da wannan ma'auni, darar da dattawa ke yi a gindin bishiya tana da abin da littafi ba shi da shi. Mutum zai taka ya je, ya gaisa da mutane, ya yi lissafin gidaje yana neman jera uku, ya yi musu, ya yi dariya. Fita da cuɗanya da tunani sun haɗu a zama ɗaya. Haka majalisin karatu bayan Asuba, haka kakar da ke jefa wa jikoki "shanun gidanmu dubu, maɗaurinsu ɗaya" tana jira a ce tsintsiya ko a ba ta gari.

Idan za a saya

A duba bango tukuna. Littafin da ya ce zai ƙara maka basira cikin kwana talatin ko ya kare ka daga gigin tsufa ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai. Wanda ya fi shi ne mai hawa daga sauƙi zuwa wuya, mai bayanin yadda aka kai ga amsa ba jera amsoshi kawai ba, kuma wanda ya yi kusa da abin da kake son iyawa. Idan wasan ya zama kana yinsa ba tare da tunani ba, lokacin sauya wani ya yi.

Sai matsalar harshe. Yawancin littattafan cike gurbin kalmomi da ke shagunanmu na Turanci ne, an tsara su don mai karatu a Ingila ko Amurka, tambayoyinsu cike da sunayen garuruwa da 'yan wasan da ɗan Kano ko Zinder ba shi da dalilin sani. Wanda ya kasa su sai ya zaci kansa ne bai ja ba. Na Hausa ba su da yawa, kuma wanda zai tsara su sai ya yanke shawara a kan abubuwan da Bature bai fuskanta ba: ko "sh" da "ts" gida ɗaya za su ci ko biyu, da yadda za a raba k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ inda kalmomi suka gitta juna. Kayan aikin kuwa suna nan jibge, daga karin magana da kacici-kacici zuwa sunayen garuruwa, sarautu, tsirrai da kayan sana'a. Malamin Hausa na sakandare da ke da kwamfuta zai iya tsara shafi ɗaya a mako ya gwada a kan ɗalibansa, ya ga wanne ya yi sauƙi da wanne ya gagara, kafin ya kai ga maganar ɗab'i.